Muryar Hajiya Hureira a Sabuwar Kwamfuta

Duk wanda ya san Fiddausi Dabo a unguwar Kilomita Biyar ya san abin da ta tsana: aikin da ba ya tafiya sai a hannun mai shi. Abin dariyar kuwa, ita ta fara tafka wannan kuskuren.

'Yar mai shagon atamfa ce, ta taso da Hausa a gida, harshen Sango a titi. Da ta iya rubuta manhaja, ita da abokanta suka yi wata da ke faɗa wa tsofaffi ƙa'idar shan magani da murya, a kantunan maganin unguwa. Kowane harshe yana cikin nasa ƙunshi, wanda suke kira laburare, manhajar ta ɗauko wanda aka nema. Na Hausa muryar kakarta ta wajen uba ce, Hajiya Hureira, wadda Fiddausi ta naɗa, tsohuwar tana mita wai Hausar jikokinta ta tsinke kamar kunun jiya.

Hajiya ta rasu. Ba a jima ba wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar Fiddausi. Sautukan suna nan a filashi, amma a sabuwar na'ura Sango ya tashi, Faransanci ya tashi, Hausa ta yi gum. Ashe da hannu ta haɗa laburaren, ta nuna masa hanyoyin fayil da babu su ko'ina sai a kwamfutar da ta mutu.

"Ki ƙyale shi," in ji Idrisu, abokin aikinta, da Sango. "Mutum nawa ke danna Hausa?"

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Ta zauna ta sake rubuta tsarin haɗa manhajar daga tushe, yadda kowace kwamfuta za ta nemo kayan da kanta, ko babu intanet. Ta kuma kafa sharaɗi: in laburaren Hausa bai haɗu ba, komai ya tsaya. Idrisu ya ce taurin kai ne. To, shi ne, kuma ya yi rana.

Ranar Juma'a, da aka sauko daga Masallacin Koudoukou, ta sami mahaifinta a shago, ta buɗe manhajar ta danna Hausa. Murya ta fito sarai: "Ka ci abinci tukuna kafin ka sha."

Alhaji Dabo ya ajiye almakashi.

"Ba za ta sake ɓata ba, Baba," in ji Fiddausi, "ko a kwamfutar wa aka sa."

Ya share ido da hannun riga, ya leƙa waje ya kira maƙwabtan shago. "Ku zo ku ji Inna. Fiddausi ta dawo min da ita."