Na Kai Jikana Koyon Sana'a Warra, Na Dawo Da Shi

Mun tashi daga Yauri ana fitowa daga sallar asuba, ni da jikana, a wata tsohuwar mota da ta sha buhunan shinkafa har rufi. Kuɗin mota ya ninka na bara, ramukan hanya ma sun ninka. Wata dattijuwa a gefena ta riƙe kajinta, ta ce su kaɗai ne ba su biya ba, kuma sun fi kowa ƙorafi.

Warra muka nufa, wajen Garba, tsohon yarona. Ni kafintan jirgin ruwa ne, idona ya raunana, na rufe rumfa. Jikana na son sana'ar, kuma Garba ne hannun da na yarda da shi, ko da yake yatsu biyu suka rage a hagunsa. Injin yanka katako ya cinye sauran a rumfata. Kafin nan masu inshora sun zo ƙungiyarmu ta kafintoci, suka ce a riƙa biyan wani abu saboda yara masu koyo, in an ji rauni a samu na magani da diyya. Na ce yaron da ba ya cin albashi ba ma'aikaci ba ne. Ranar da abin ya faru, innar Garba ce ta sayar da awakinta aka yi masa magani.

Da hantsi muka isa. Ruwa ya ja baya, bakin tafki sai caɓi da warin kifi. Muka ci soyayyiyar tarwaɗa, ƙarama, da tsada.

Na tarar da Garba cikin yara huɗu, suna tura katako a inji da hannu tsirara. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo fura. Na ce zan bar masa yaron, amma a yi masa inshora.

Ya yi dariya. "Maigida, inshora? Na tambaya. In na biya wa yaran nan, ba ni sayen ƙusa. Yadda ka koya mini nake yi."

"To ni zan biya na jikana."

"Waɗannan huɗun fa? Su ba su da kaka?"

Na lissafa abin da ke gare ni, bai kai na yara biyu ba. Garba bai ɗaga murya ba, ya ƙara mini fura da hannun nan nasa.

Na fasa barin yaron. Bayan la'asar muka kamo hanya, ni da shi. Har Yauri fuskarsa na waje. Gobe zai koma tallan ruwa a tasha.

Abin da na gano a tafiyar nan, ba sassaƙa kaɗai na koya wa Garba ba. Kuɗin da na ƙi biya a lokacin, yanzu yara huɗu ke ɗauke da shi a yatsunsu, kuma jikana kaɗai na iya janyewa.