Ɗakin da kusurwarsa ta kauce

A zamanin Turawa aka ɗebi mazan ƙauyenmu, can gefen Kusada, zuwa Kankia ginin bariki. Maigidana yana cikinsu, ƙasa yake ɗauka. Ya dawo da magana ɗaya a baki, wai ya gama da ɗaki zagayayye, soro mai kusurwa huɗu zai gina mini.

Mu kuwa ginin da muka gada, turke ake kafawa a tsakiya a zagaya da igiya. Da igiyar ya auna bangon gabas ya yi daidai da na yamma, na kudu da na arewa. Ya ɗauka shi ke nan. Bai san ana kuma jan igiyar a gicciye daga wannan kusurwa zuwa waccan ba, balle ni.

Ranar da na tare na shimfiɗa tabarma, ta ƙi shiga lungu. Kusurwa biyu sun matse, biyu sun buɗe baki, kamar an tura ɗakin da kafaɗa. Na ɗaga kai. Azarorin da aka gicciya a kan kusurwa duk tsawo ɗaya aka yanka su. A matsattsun sun zauna daram, a buɗaɗɗun kuwa da ƙyar suka taɓa bango, bakin yatsa. A kansu aka labta ƙasa, a ƙarƙashi nake kwantar da ɗiyata mai shan nono.

Na gaya masa, ya ce ai igiya ba ta ƙarya. Uwarsa ta ce ina neman kunyata mata ɗa a gari. Tun daga nan ko tuwo nake tuƙawa kunnena yana ɗaki.

Da damina ta kankama, wata la'asar aka tsuge da ruwa. Na ji ƙasa tana zubowa tsir-tsir a kusurwar kudu, sai wani ƙas. Na suri yarinya na fita tsakar gida, na rufe ta da zane, na tsaya cikin ruwan.

Haka ya dawo daga gona ya same mu. Ya ce in shiga kada sanyi ya kama ta.

Na ce, "Malam, ɗakinka ne, ka shiga. Ita dai ba ta shiga."

Ya kuwa shiga. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don ni na tura shi.

Can ya fito, hularsa duk jar ƙasa. Bai dube ni ba. Ya wuce bayan rumbu ya jawo gwafa biyu ya tokare azarorin, sannan ya leƙo.

"Kai ta ɗakin Inna," ya ce. "Ke ma ki zauna can sai kaka."