Gunhild Thorup da Wasiyyar da Ta Zo a Makare

Ƙarfe tara saura, Gunhild Thorup take jingine kekenta a bayan ɗakin karatu na garinmu, ta ɗora kofi, ta zauna a teburin da ke kusa da taga. Shekara ashirin da shida ke nan. Duk wanda rubutu ya ɓace masa a kwamfuta, wajenta yake zuwa. Mu matasa Kunkuru muke ce mata, saboda ba ta taɓa na'ura sai ta gama yi wa mutum tambayoyi.

Takan ce, "Na'ura sunan fayil kawai take dubawa, sai ka ce mata ta leƙa ciki. Kuma ko ta leƙa, kai za ka ba ta kalmar."

Bara Ejvind masunci ya rasu ranar Litinin. Ya taɓa gaya wa matarsa Bodil cewa ya rubuta inda yake so a binne shi, amma bai faɗi wurin ba. 'Ya'yansa biyu suka kinkimo wa Gunhild tsohuwar kwamfutarsa, Bodil tana biye da su. Fayil dubu huɗu, rabinsu sunansu "sabo", "sabo 2", "sabo na gaske".

"Mun nemi wasiyya, mun nemi kabari, babu," in ji Troels, babban.

"Ubanku da na sani ba zai rubuta kabari ba, ko asibiti ba ya son ambata," in ji Gunhild. "Bodil, wa yake kira in rashin lafiya ta kama shi?"

"Ni dai ba ni ba. Uwarsa, Thyra. Shekara arba'in da binne ta a tsibiri, amma ko mura ce, Thyra!"

Gunhild ta sa na'urar ta karanta cikin kowane fayil, ta nemo sunan Thyra. Na'urar tsohuwa ce, tafiyar hawainiya take. Ta roƙi a ba ta zuwa Asabar.

"Haba Gunhild, Juma'a fasto ya sa jana'iza, an yi odar burodi da kifi," in ji Troels. "Kafin ki gama ai mu ma mun bi shi."

Aka binne Ejvind a maƙabartar gari. Ranar Asabar da hantsi sunan ya fito, a cikin wani fayil na jerin fentin jirgi, can ƙasa: "A kai ni tsibiri, kusa da Thyra."

Gunhild, ke ce ba ki kira Troels kin ce masa ga shi nan ba. Kin hau keke kin je wurin Bodil, kin tsaya a bakin ƙofa kin ce, "Na samu. Kina so ki sani, ko in bar shi?" Bodil ta ce, "Karanta mini."

Ƙarshen watan nan Gunhild za ta yi ritaya, kuma ba a ɗauki kowa a madadinta ba. Mun yi mata dariya shekaru, ga shi sai da za ta tafi muka tuna da godiya. Mun gode, Gunhild, ki yafe mana gaggawarmu. Wanda duk aka ba amanar neman abin wani, ya fara tambayar wane ne mai shi, kamar yadda take yi.

Ba a tone Ejvind ba. Bodil ta shiga jirgin ruwa ita kaɗai zuwa tsibiri, ta dawo da ƙasar kabarin Thyra cikin gwangwanin kofi, ta zuba masa a kan kabarinsa.