Goggo Mai Ɗigo da Taurari Bakwai da Suka Ƙi Tsufa

Ƙarfe takwas na safe take buɗe ɗakin da ke ƙasan bene a cibiyarmu ta nazarin taurari. Ta rataye gyalenta a ƙusa, ta kunna fitilar da ke ƙarƙashin teburin gilashi, ta ɗora hoton sararin sama a kai, ta sunkuya da madubin ƙara girma. Ƙarfe huɗu ta tashi. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma ba ta taɓa leƙa na'urar hangen nesa ba. Maƙwabta kan tsokane ta cewa ita kaɗai ce mai aikin taurari da ke kwanciya tare da kaji.

Goggo Mai Ɗigo muke ce mata. Aikinta shi ne ta auna hasken kowane tauraro da launinsa, ta sa masa ɗigo a babbar takarda: mai haske sama, mai dishi-dishi ƙasa, shuɗi mai zafi hagu, ja dama. Idan taurarin gungu guda suka cika takardar, za ka ga sun jeru a layi, sannan layin ya karya kwana ya nufi wajen jajaye. Manyan shuɗɗan ne ke fara cinye makamashinsu su kumbura su yi ja, don haka daga kwanar ake gane shekarun gungun. Malamai su kalli kwanar su rubuta maƙala. Ita kuwa ta ɗauko hoto na gaba.

Direban cibiya ya shaida cewa ranar da ruwa ya malalo cikin ɗakin, hotunan ta fara kwashewa, ta koma gida da takalmi ƙafa ɗaya. Nawa labarin bai kai wannan daɗin faɗi ba.

Ina ɗalibi, saura mako uku in kare digirina na uku, ta miƙo mini takardar gungun da nake nazari. Layi ya yi kyau, kwana ta fita sarai. Amma can sama ta hagu ga ɗigo bakwai, shuɗɗa masu haske, a wurin da ya kamata a ce tuntuni sun tsufa sun bari. Na tsorata. Na tabbata masu jarrabawa za su ce awona ya lalace, shekara huɗu ta tafi a banza. Na sayo sabuwar kilinar goge fensir na ajiye a gabanta.

"Goggo, kuskure ne. Ki taimaka ki goge su."

"Sau uku na auna kowanne, ɗan nan."

"Ba wanda zai sani."

"Ni fa? Ni ba kowa ba ce?" Ta jefa kilinar a aljihun tebur. "In ba ka san dalilinsu ba, ka ce ba ka sani ba. Baki bai ciwo don wannan."

Kwana goma ban gaishe ta ba. Ranar jarrabawa, baƙon farfesan da aka gayyato ya ɗora yatsa a kan ɗigon nan bakwai, bai tambayi komai ba sai su. Ashe akwai irinsu, taurarin da ake zaton sun samu ƙarin makamashi daga maƙwabtansu, tsufa ya yi musu jinkiri. Ya ce da bai gan su ba, da ya yi shakkar sauran ɗigon duka.

Goggo, ke ce mai awo uku kafin ɗigo ɗaya. Ke kika hana ni gina aikina a kan ƙarya, alhali ba ke za a sa wa hular digiri ba. Na gode, kuma ina jin kunyar kwana goman nan har yau. Masu tasowa a kowane irin aiki, ku koyi barin abin da kuka gani a inda kuka gan shi, ko da ya ɓata muku layi.

Makon jiya ta yi ritaya, ido ya gaji. Tana kwashe aljihun teburinta ta kira ni, ta sa mini wani abu a tafin hannu.

"Kayanka ne, Farfesa. Na gaji da ajiya."

Kilinar ce, ko ledarta ba a cire ba.