Katangar da Baffa Ya Gina

Shekaranjiya da hantsi na biyo ta Hanwa, sai warin ƙasar gini ya bugi hancina. Wani ne a bakin hanya yake tattaka jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, da alama akurki zai yi wa kajinsa. In ka taɓa sanin warin nan ba ka manta shi: ƙasa ce da aka jiƙa aka bari ta kwana, ciyawar cikinta ta fara ruɓewa, ga ɗan tsami-tsamin kashin jaki. Na san mutane da yawa in sun shaƙe shi sai su hau begen zamanin da. Ni ba bege ya zo mini ba. Raina ne ya ɓaci, har mai acaɓan da ya ɗauko ni ya waiwayo yana tambaya ko lafiya, don ya ji ina ta zuba tsaki a bayansa. Warin ya tuna mini da Baffa, yayan mahaifina, kuma ni har yau ban iya tuna Baffa da sanyin rai.

A Samaru na tashi, can bayan kasuwa, a gidan ƙasa da kakanmu ya gina tun unguwar ba ta cika ba. Bangon ɗakunan kauri gare shi, yaro zai iya kwanciya a kan taga ya yi barci. Da bazara, lokacin da masu rufin kwano ke fitowa waje suna fifita da murfin kwarya, mu cikin ɗaki muke shigewa mu sha sanyi. Kakanmu ya rasu ina ƙarami, ya bar matarsa, wato Kaka, da 'ya'ya maza biyu, Baffa da Baba. Zaure ɗaya muke shiga, rijiya ɗaya muke ja, ranar da miyar wani sashe ta fi daɗi kuwa duk yaran gidan can suke tarewa.

Azara ce ta raba mu. In ba ka san ta ba, itacen giginya ne da ake tsagawa a jera a rufa soro da shi kafin a zuba ƙasa a kai. Gara ba ta cin ta, shekaru ba sa lanƙwasa ta. Ɗakin ƙasa yakan tsufa ya zube, amma azararsa tana nan, a tsame ta a rufa wani, shi ya sa ake gadonta kamar yadda ake gadon gona. Da turakar kakanmu ta zube, aka tara azarar a gefen zaure. Baba ya tafi ƙauye ta'aziyya, kafin ya dawo Baffa ya kwashe ta kaf ya rufa ɗakin da yake gina wa babban ɗansa. Baba ya ce ba itacen ne ya dame shi ba, rashin tambayar ce. Baffa ya ce babba ba ya neman izini a gidan ubansa, wanda bai ji daɗi ba a raba gidan. Ba zan wanke Baba tas ba, shi ma akwai zuciya, a tsaye ya ce a raba.

Abin takaici, da ƙafafunmu muka taka ƙasar katangar da ta raba mu, muna murna. Yaro ina ya san gaba? Mu dai an ce a shiga taɓo, ba duka ba faɗa. Aka haƙo jar ƙasa daga bakin kududdufi, jakuna suka yi ta jigila, aka zuba ruwa aka watsa ciyawa, mu da 'ya'yan Baffa muka yi ta tattakawa har gwiwa muna ture juna. Aka mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, aka jera a rana ya bushe. Magini ya hau ya zauna a kan gini kamar mai hawan doki, ana jefa masa tubali yana cafewa yana dasawa. Sai da katangar ta wuce kan manya muka lura babu ƙofa a jikinta.

Ta ratsa tsakar gida ta je ta tokare da kusurwar ɗakin Kaka. Ɗakin da rijiya da zaure duk suka faɗa sashen Baffa, mu aka fasa mana wata 'yar ƙofa ta lungun baya. In za ka gaida Kaka sai ka fita, ka zaga lungu, ka ratsa zauren da Baffa ke zaune a kan buzu yana binka da harara. Mu yara mukan daure mu wuce da gudu. Baba ya ce shi ba zai ratsa ba. Kullum da safe sai ya tsaya a gindin katanga ya ɗaga murya ya ce, “Inna, an tashi lafiya?” Ba ta taɓa amsawa ba. Sau ɗaya na ji ta ce, “Ni ban haifi katanga ba, balle ya gaishe ni.”

Kaka ba mai hayaniya ba ce, kuma ta san 'ya'yanta, duk wanda ta roƙa zai ce ɗayan ya fara. Don haka ba ta roƙi kowa ba. Da bazara ta yi, lokacin da kowa ke gyaran rufi kafin ruwa ya sauka, sai ta aika aka kira mata maginin nan. Ta ce masa indararon ɗakinta, wato bututun da ke zubar da ruwan saman soro, yana jiƙa mata bakin ƙofa, a mayar da shi ɗaya gefen. Magini ya dubi inda ta nuna, ya dubi katanga, ya sake dubanta. Ya hau ya mayar. Bakin indararo ya koma daidai kan sabuwar katangar.

Damina ta sauka, duk ruwan da ya taru a saman ɗakin Kaka sai ya kwararo a kan katangar. Da fari yaɓen ya sulluɓe, kawunan tubali suka leƙo. Kafin a shiga marka wurin ya lotsa ya zama giɓi. Kaji ne suka fara bi, sai akuya, sai mu. Ba a jima ba mahaifiyata da matar Baffa, waɗanda dama ba su da abin faɗa da juna, suka koma miƙa wa juna garwashi da daddawa ta wurin. Kaka ta jawo kujerarta ta 'yar tsuguno ta dasa a bakin giɓin, nan take tsinkar zogale, nan take kaɗi. Wata rana na tsallako na same ta, ta ja kunnena ta ce, “Maigidan, ƙasa fa ba ya riƙo. In ba a mishi yaɓe ba, da kanshi zai koma inda aka ɗebo shi.”

Gaskiyarta. Al'adar katangar tsakani ita ce kowa ya yaɓe fuskar da ke kallonsa duk shekara, in an bari ruwa ya cinye. Ka ga ke nan mai gaba da ɗan'uwansa a gidan ƙasa sai ya riƙa sabunta gabar da guminsa, ya sayi ƙasa, ya nemo ciyawa, ya tattaka, ya tsaya a rana. A ranin farko duk su biyun suka yi hakan, suka toshe giɓin kowa ta gefensa, hannuwansu na kusan haɗuwa ba wanda ya ce wa wani sannu. Damina ta dawo, indararo ya sake buɗe shi, har ya fi na bara faɗi. Da rani na biyu ya zo, Baba bai aika a kawo ƙasa ba. Mahaifiyata ta tuna masa, ya ce a bari tukuna. Wata safiya ina wanke fuska na ga ya tattare rigarsa, ya ɗaga ƙafa ya tsallaka giɓin, ya je ya durƙusa a gaban uwarsa. Kaka ta hau shi da faɗan wai ya rame, hannunta a kan hularsa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Baffa yana bakin rijiya, ya gani. Da mutum ne mai tsoron Allah, nan zai ce wa ƙaninsa ina kwana a wuce wurin. Amma Baffa gani ya yi an ci shi da yaƙi. A lokacin shagonsa na kayan gyaran mota a Sabon Gari ya fara kawo kuɗi, kai ya kumbura. Ba a rufa mako ba sai ga tifa ta juye yashi a ƙofar gida, ga bulo, ga buhunan siminti, ga birkila ɗan kudu da igiyar awonsa yana ta ba da umarni da turancin Sabon Gari. Shi bawan Allah aiki aka kira shi, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kaka ta dogara sandarta ta fito ta tsaya a bakin giɓin. Ta ce wa Baffa, “Ɗan nan, in ginin za ka yi, ka yi da ƙasa, na yarda. Kar ka sa mini dutse tsakanin 'ya'yana.” Baffa ya ce, “Inna, na gaji da yaɓe duk shekara. Wannan sau ɗaya ne, an gama.” Ya sa aka ɗauke kujerarta. Na ji wannan da kunnena, kuma duk wa'azin yafiya da na saurara tun daga lokacin bai goge shi ba. Aka rushe katangar ƙasa, aka ja ta bulo a gurbinta, aka shafe ta da siminti, har da fasassun kwalabe ya sa aka dasa a kanta, kamar mu ɓarayi ne.

Kaka ba ta san siminti ba. A iya saninta, duk abin da ruwa ya dage a kansa sai ya ci shi, don haka ta hana a taɓa indararon. Damina ta zo, ruwa ya kwararo a kan bulo, bulo ya ƙi sha. Sai ruwan ya riƙa fantsama yana dawowa, ya kwanta a gindin ɗakinta, ya shiga cin tushen bangon. Baba ya hango daga sashenmu, ya tsaya yana kiran yayansa ta kan katanga yana gaya masa gindin ɗakin Inna ya jiƙe. Baffa ya ce abin da ke sashensa ba ruwan kowa. Cikin marka, wata rana bayan la'asar, muka ji wani irin nishi, sai ƙasa ta girgiza. Allah Ya sa Kaka tana madafi tana jin ɗumi. Ɗakin da aka kawo ta tana amarya, da daɓen da ƙawayenta suka buga mata, da tukwanenta da jerenta, duk suka koma tsibin taɓo.

Aka mayar da ita wani ɗakin bulo mai rufin kwano a sashen Baffa. Ba ta ƙara tambayar katanga ba, magana ma ta rage. Zafin bazarar da ta biyo baya a ɗakin nan ya same ta, ba ta ga wata damina ba. Baba ta kan katanga ya ji kukan mata, haka ya san uwarsa ta rasu. Ya fita ba takalmi, ya zaga lungu kamar baƙo, ya yi sallama a zauren ubansa kafin ya ga gawarta. Shi ma ya bi ta bayan wasu shekaru, bai sake haɗa kwano da yayansa ba.

Yau in ka zaga Samaru da ƙyar za ka ga soron ƙasa, duk bulo ne da kwano da ɗakunan hayar ɗalibai. Ina jin 'yan boko a rediyo suna yabon ginin gargajiya, wai ya fi sanyi, wai ya fi sauƙi. Gaskiya ne, amma ba shi ne babban abin da muka rasa ba. Ginin ƙasa yana ba mutum damar ya huce. Yanzu kuwa mutum ya yi fushi na yini ɗaya, sai ya zuba masa siminti ya bar wa jikoki.

Baffa yana nan da rai, ya tsufa tukuf, ido ya tafi. Bara ya aiko ɗansa ya kira ni. Na zaga lungu na same shi kwance a zaure. Ya ce yana so a fasa ƙofa a katangar kafin ya mutu, amma birkila ya duba ya ce ba ta fasuwa, don ɗakunan hayar da aka jingina mata ta gefensu da ta gefenmu duk a kanta rufinsu ya zauna. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce in ba shi shawara. Na dube shi na daɗe, na nemi tausayi a zuciyata ban samu ba. Na ce, “Baffa, ko an fasa, wa zai bi ta ƙofar?” Ya saki hannuna. Na yi masa sai an jima, na fito.