Mai Gutsure da Motar Asibiti

A wurin aikinta Mai Gutsure suke ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushi ba. Ita ke rubuta manhajar da ke ɗaukar zanen bugun zuciyar mara lafiya daga cikin motar asibiti ta kai wa likita tun motar na kan hanya. Mijinta kuwa direban irin motar ne, mutum mai surutu, wanda ya ɗauki aikin matarsa zaman danna madannai kawai.

Sau da yawa ya tarar da ita a ɗan teburinta na bakin taga, shayi ya huce, tana faɗa da kwamfuta.

"Wai me ya hana ki tura abin gaba ɗaya ki huta, Maman yara?"

"Hanyar ba ta ɗauka," in ji ta. "Kowane ƙunshin saƙo yana da iyaka. In ya yi ƙiba, na'urorin kan hanya su farfasa shi, ɓari ɗaya ya ɓata, duka ya tashi a banza. Wani lokaci ma su yar, ba wanda zai gaya maka."

Don haka take yanka saƙon ƙanana-ƙanana tun kafin ya fita, ƙasa da iyakar, ta bar wa adireshi wurinsa, ta sa wa kowanne lamba. Abokan aiki sun sha cewa tsoronta ya yi yawa. Ta ce ta ji, ta ƙara ragewa.

Wata rana da rana tsaka mijin ya ɗauko wani tsoho mai ciwon ƙirji, sai cunkoso ya riƙe su a ƙarƙashin gada, inda ko kiran waya sai an yi da gaske. Jiniya ta yi ta kuka a banza. Ma'aikaciyar jinya tana riƙe da allura, amma ba za ta yi ba sai likita ya ga zanen, don in ba irin ciwon ba ne allurar ce za ta ƙarasa shi. 'Yar tsohon ta riƙe ƙafar ubanta ta kasa ko kuka.

Direban ya waiwayo ya zuba wa ɗan allon na'urar da ke tura zanen ido. Gutsattsarin suna fita ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar tururuwa. Ɗaya ya ɓata. Can asibiti aka nemo shi da lambarsa, shi kaɗai ya sake fita. Abin da ba a gani ba a taɓawa, ga shi yana ratsa kankare da ƙarfe, kuma matarsa ce ta koya masa tafiya.

Muryar likita ta fito a yayyanke: "Na gani. Yi masa yanzu."

Ba su bar ƙarƙashin gadar ba sai da tsohon ya buɗe ido. Ya dubi 'yarsa, ya tambaye ta wa ya bar shagonsa a buɗe. Nan ne fa kukan ya zo mata, direban kuma ya kife kansa a kan sitiyari.