Hansatu Mai Ƙwarya da Sunayen Matan Garinmu

Ina da shekara tara Iya, kakata ta wajen uba, ta zo Dubai a yi mata aikin ido, ta zauna wata biyar a wurinmu a unguwar Al Nahda. Fulat ɗinmu na saman bene ya ƙuntata mata. Ta ce ba ta taɓa ganin gidan da mutum zai yini bai taka ƙasa ba. Shi ya sa duk Juma'ar da Baba ya samu sararin barin aikinsa na kago, wato jigilar kaya, sai ya ce, "Yalla, ku shiga mota," mu nufi garin Hatta. Can gindin duwatsu muke shimfiɗa tabarma, Mama ta hura gawayin shayi. Da an sallame magariba Iya za ta matso da ƙafafunta kusa da wuta, mu kuma mu kewaye ta.

Tatsuniyoyinta da yawa na manta. Labarin Hansatu Mai Ƙwarya kuwa har yau yana kunnena, don Iya ta ce wannan ba ƙirƙira ba ce, da idonta ta gani.

Hansatu mawaƙiya ce a ƙauyenmu, kusa da Tasawa. Ba a biki ko suna sai da ƙwaryarta, har gidan rediyo sun zo sun ɗauki muryarta. Wata shekara rijiyar gari ta rufta, mata suka koma ɗebo ruwa daga wani ƙauye mai nisa. Su fita da asuba, sai rana ta take su dawo. Ana cikin haka aka ce wani babban jami'in gwamnati zai kawo ziyara. Mai gari ya aika wa Hansatu cewa ta shirya waƙar yabo, kuma kada ta kuskura ta ambaci ruwa.

"Ranar ta ci ado," in ji Iya, "ta zauna gaban baƙo, ta fara da yabonsa yadda aka ce. Kowa ya saki jiki. Sai kawai ta juya kiɗa, ta shiga kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Wance da ta yi ɓari a hanyar ruwa. Wance da wuyanta ya sanƙare saboda tulu. Ni ce ta bakwai, ina goye da ubanki."

"Iya, ba ta ji tsoro ba?"

"Ke, ƙawata, wa ya gaya miki? Ina kusa da ita, zufa har cikin idonta. Amma ba ta tsallake ko mutum ɗaya ba."

Baƙo ya tashi ya tafi abinsa. Mai gari ya hana a gayyace ta biki a garin. Shekara biyu tana sayar da ƙuli-ƙuli a bakin kasuwa, wasu matan da ta kira sunansu ma suna kewaye mata, don gudun fushin mazajensu. A shekara ta uku aka zo aka haƙa sabuwar rijiya. Babu wanda ya ce saboda waƙarta ce, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

A lokacin wannan ƙarshe ya ba ni haushi. So nake a ɗauke ta a ka, a zaga gari da ita. Iya ta yi dariya ta ce, "Shi ke nan, haka aka yi, ba zan ƙara masa gishiri ba."

Yanzu na koma gida, ni ungozoma ce a wani asibiti a Maraɗi. Na sha zama a taron da ake son in ce komai lafiya, alhali na san matar da ta rasu saboda babu jinin da za a ƙara mata. Nakan tashi in faɗa, in ambaci sunanta da ƙauyensu. Wani lokaci a gyara, sau da yawa a yi shiru, har an taɓa ɗauke ni daga ɗakin haihuwa na tsawon wata shida. Da aka mayar da ni, a taro na farko na sake ɗaga hannu.